Gadin da Na Karɓa daga Hannun Yaya

Mu a gidanmu gadi gado ne. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya fi shekara talatin yana tsaron wata ma'ajiyar auduga a Funtuwa, kuma yadda wasu ke riƙe limanci haka ya riƙe aikin nan. Abin da na fi tunawa shi ne yadda yake miƙa aiki. Da safe idan abokin canjinsa ya iso, ba da gaisuwa ake farawa ba. Mutumin zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Na zo karɓa." Sai Baba ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya shiga zayyana masa abin da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya: ƙofa kaza a kulle, kwaɗo kaza lafiya, tagar baya tana rawa, akuyar maƙwabta ta shigo ta fita ba ta ci komai ba. In ya gama ya ce, "Na miƙa." Wancan ya ce, "Na karɓa." Sai a lokacin za su gaisa, a tambayi iyali. Kafin Baba ya ji kalmar nan, ko gobara ake yi a gidansa ba zai ɗaga ƙafa ba.

Ba ƙari na yi ba. Ranar sunana bai zo ba. Abokin canjinsa ya kwanta zazzaɓi, ba a turo kowa ba, Baba ya zauna a bakin ƙofar auduga kwana biyu cur. Aka raɗa mini suna, aka yanka rago, shi yana can yana korar awaki. Yayana, wanda ya girme ni da shekara tara, in yana ba da labarin nan har ƙirjinsa ke buɗewa don alfahari. Ni kuwa tun da na yi wayo abin ke ba ni haushi. Auduga ce fa. Ina za ta je?

Duk da haka, mu biyun a gadin muka ƙare. Yaya ya riga ni fitowa ƙasashen Larabawa. Ya samu aiki a wani tsibiri da ke gefen Oman, yana tsaron wani gidan sanyi inda masunta ke ajiye kifi. Ni kuma na faɗo Doha, ina kwana a unguwar Najma mu shida a ɗaki ɗaya, da safe motar kamfani ta kwashe mu ta sauke ni a wani dogon bene a unguwar West Bay, inda nake tsayuwa a falon shiga da baƙin wando da taye, ina ce wa masu kuɗi barka da zuwa. Daga ni har shi, ranar da muka fara ganin teku ta tagar jirgi muka gan ta. Kafin nan babban ruwan da muka sani shi ne dam ɗin Mairuwa.

Ɗakin gadin Yaya ɗan ƙarami ne, na bulo, da rufin kwano, a bakin get ɗin gidan sanyin. Daga ƙofarsa zuwa ruwa bai wuce taku arba'in ba. Yana yawan turo mini hoto yana zaune a kan benci da kofin shayi, teku a bayansa, kamar shi ya gina ta. Yakan ce maƙwabciya ce mai ladabi: sau biyu a rana take matsowa ta gaishe shi, ta koma inda ta fito.

Wata shekara, bayan zafin bazara ya fara sauka, talabijin ɗin da ke manne a bangon falonmu ya fara nuna wani farin zobe yana juyawa a tsakiyar teku, wai hoton guguwa ne daga sama. Ranar farko ban kula ba. Rana ta biyu na ga an ja masa layi, layin kuma ya nufi tsibirin Yaya kamar da shi aka yi alkawari. Kullum in na shigo aiki sai in tarar an ƙara wa guguwar nan girma, kamar ma'aikaciyar da ke da uwa a gindin hukuma. Da safe a ce ta yi ƙarfi, kafin Azahar a ce ta ƙara, zoben yana ƙara fari, ramin da ke tsakiyarsa yana ƙara fitowa sosai.

Na kira Yaya a lokacin hutun rana.

"Kai dai ka cika tsoro," in ji shi. "Iska ce fa. Yau muka fara ganin iska? Ka manta shekarar da ta ɗauke rufin ɗakin Inna?"

Ya juya mini kyamara in ga shirinsa. Ya ɗora tsofaffin tayoyi huɗu da bulo a kan kwanon ɗakin, ya zarga igiya ya ɗaure ta a ƙarfen get. Ya buga katako a taga ɗaya. A ciki ga burodi, ga ganyen shayi, ga jarkar ruwa, ga tocila. Daidai yadda muke yi a gida idan hadarin farkon damina ya taso: a danne rufi, a shiga ɗaki mafi ƙwari, a kulle ƙofa, a yi ta salati har ta wuce. Gaskiya zan faɗa, hankalina ya kwanta. Har yaba masa na yi. Na ce Yaya ai ka gama da ita.

Akwai wata dattijuwa 'yar Filifin da ke goge falonmu, dukanmu Mama muke ce mata. Ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba, kuma ba ta da yawan magana. Da yammacin ranar tana wucewa da abin gogewarta, na tare ta da waya, don na san ƙasarsu ana irin wannan guguwa, ina so in nuna mata mu ma mun iya. Da guntun Turancinmu muke fahimtar juna.

Ta kalli hoton. Ta sa yatsu ta buɗa shi, ta wuce tayoyin da nake taƙama da su, ta tsaya a kan shuɗin da ke bayan ɗakin.

"Wannan ruwan, nisansa nawa da ƙofar?"

Na ce kusa ne, ai daɗin wurin ke nan.

"Akwai tudu?"

Na ce ban sani ba.

Ta jingine sandar gogewarta a jikin ginshiƙi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba a lokacin aiki. Ta ce, "Ɗana, ka saurare ni. Ba iska ce ke kisa ba. Iska rufi take ɗauka. Teku ce ke tashi ta taka ƙasa ta shigo gari." Ta ɗaga hannunta sama da kanta a jikin ginshiƙin, ta yi ɗage, ta ga bai kai ba, sai ta kama hannuna ta ɗora shi can sama da tsayina. Ta ce a garinsu nan ruwan ya kai. Mahaifiyarta da ƙanwarta suna cikin ɗaki mai ƙwari, ɗakin siminti, sun kulle ƙofa. A ciki aka same su.

Ban san lokacin da na sauke hannuna ba.

"Abu na biyu," in ji ta. "A tsakiya za ta yi shiru. Tsit. Har rana tana iya fitowa. Mutane su ce ta wuce, su fito duba gidajensu. Ba ta wuce ba, ramin nan ne da kake gani a talabijin yake bi ta kansu. Za ta dawo ta ɗaya gefen, kuma ta fi ta farko mugunta. Ka gaya masa ya hau tudu, kada ya sauko sai an ce a sauko."

Ta ɗauki sandarta ta ci gaba da goge inda ta riga ta goge.

Washegari ita ce ranar da aka ce guguwar za ta sauka. Tun da na hau motar aiki nake kiran Yaya. Na gaya masa duk abin da Mama ta faɗa, ban rage ba. Ya ce ya ji, kuma lallai hukuma ta ce duk na bakin ruwa su koma wata makaranta da ke kan tudu. Ma'aikatan gidan sanyin duk sun tafi tun jiya. Motar 'yan sanda ta zo har sau biyu tana shela.

"To me kake jira?"

"Wa zan miƙa wa?"

Mudir ɗinsu, wato manajan wurin, yana can babban gari a tsallaken ruwa, an tsayar da jiragen fito, wayarsa kuma ba ta shiga. Abokin canjinsa bai zo ba, kuma ba zai zo ba, shi ma yana da hankali. Yaya kuwa makullai na hannunsa, kifin mutane na cikin ɗakunan sanyi, ba wanda ya ce masa na karɓa.

Na roƙe shi. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da Inna, na kira masa sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce amana amana ce, kuma wanda kwanansa bai ƙare ba ba ya mutuwa. A nan raina ya ɓaci. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, amma ranar a bayan benen nan, kusa da inda ake tara shara, na buɗe maƙogwaro na ce masa kifi ne fa, matacce ma, kifin da ko jana'izarsa ba za a yi ba, shi za ka mayar da 'ya'yanka marayu a kansa?

Ina jin iska tana busa a bayansa kamar ana hura bututu.

"Kai ne za ka koya mini aiki?" in ji shi a hankali. Ya kashe wayar.

Na koma na tsaya a wurina. Ban taɓa tsanar falon nan kamar ranar ba. Na'urar sanyi tana ta aikinta, ƙamshin turare yana tashi, mutane na shiga lif da kofin gahawa a hannu. Ta gilashi ina hango tekun Doha a kwance lumui kamar faranti, rana na ƙyalli a kanta. A bango kuma farin zoben ya kusa taɓa tsibirin. Na ji haushin Yaya, na ji haushin kaina da na yaba wa tayoyinsa, na wuce can na ji haushin Baba da ke kabari, wanda ya dasa mana wannan taurin kai. Na yi istigfari, na sake jin haushin.

Da sha biyun rana abokin aikina ya zo ya karɓe ni in je cin abinci. Mutumin Zongon Kumasi ne, ƙato, mai fara'a, mai irin Hausar nan tasu da kullum muke tsokanar juna a kanta. Tun zuwana na koya masa al'adar Baba don raha, ta kuma kama shi, har ya fi ni riƙe ta. Ya tsaya a gabana ya ƙame, ya buga ƙafa, ya ce, "Na zo karɓa."

Na tsaya ina kallonsa kamar yau na fara jin kalmar.

"Lafiya, ɗan'uwa?"

Na ce masa ba hutun rana nake so ya karɓa ba, sauran yinin gaba ɗaya nake so, shi da ya kamata ya koma gida ya huta da ƙarfe biyu. Na gaya masa dalili a gurguje. Bai bari na gama ba.

"Khalas, shi ke nan. Faɗi abin da ke hannunka, ka tafi. Oga kuma ka bar ni da shi."

Na zayyana masa: ƙofofin gilashi biyu a buɗe, ta gefe a kulle, lif na uku ana gyara, katin baƙi goma sha ɗaya a waje. Na miƙa, ya karɓa. Na haura ɗakin hutun ma'aikata da gudu, na sa wayata a caji, na ja kujera.

Sai a kira na huɗu Yaya ya ɗauka. Ban gaishe shi ba. Na miƙe tsaye, ko da yake ba ya ganina, na ce, "Na zo karɓa."

Kwanon ɗakinsa yana ta ƙara.

"Kana Doha," in ji shi.

"Ina Doha. Yaya, gadi da me ake yinsa, ba da ido ba? Kana da waya biyu. Ka jingine babbar a tagar da ba ka toshe ba, kyamara tana kallon get, ka haɗa mata batirin ajiyarka. Ni zan zauna in kalla, ba zan ɗauke ido ba. Kai ka tafi da ƙaramar."

"In ɓarawo ya shigo me za ka yi daga can?"

"Abin da kai za ka yi. In yi masa ihu."

Na ji kamar ya yi 'yar dariya ta hanci, amma ban tabbata ba. Sai ya yi tambayar da na san in dai ɗan Baba ne sai ya yi ta.

"Naka aikin fa? Ba a riƙe ƙofa biyu."

"Na miƙa shi. An karɓa. Hannuna babu komai."

Can sai kiran ya koma na bidiyo, fuskarsa ta bayyana, ya ɗan rame, gemunsa ya yi furfurar da ban san da ita ba. Ya miƙe tsaye a cikin ɗan ɗakin nan, ya gyara hula.

"Get ɗaya, zan kulle in na fita. Ɗakunan sanyi biyu, a kulle, kwaɗo lafiya. Janareta a kashe. Kwale-kwale ɗaya a kife a tsakar fili, an ɗaure shi. Akwatunan roba, jeri uku. Ɗakin gadi, da benci, da buta, da abin dafa shayi. Taya huɗu a kan rufi." Ya dube ni. "Na miƙa."

"Na karɓa."

Ya jingine wayar. Hoton ya yi rawa, ya daidaita, sai ga filin gidan sanyin a gabana: get a hagu, ƙofofin ƙarfe biyu a tsakiya, kwale-kwalen, can a kusurwar dama kuma wani abu toka-toka mai kumfa wanda da shi ne shuɗin da ke bayan hotunansa. Na ga Yaya ya fito da dardumarsa a hammata. Iska ta cika masa riga kamar buhu. Ya ja get ɗin da ƙyar, ya datse kwaɗo, ya jijjiga shi sau biyu don ya tabbata, sannan ya juya ya kama hanyar tudu a sunkuye, yana tafiya a karkace. Na bi bayansa da ido har ya fita daga hoton.

Daga nan na yi gadi. Kada wani ya ce mini wasa na yi, don ban taɓa yin gadi da gaske kamar na ranar ba. Na ciro ɗan littafin aljihuna ina rubuta abin da na gani da lokacinsa. Ruwan sama ya tsuge a kwance, ba daga sama ba, daga gefe. Akwatunan roba suka fara watsewa. Taya ɗaya ta faɗo daga rufi, ta gangara tsakar fili a tsaye kamar yaro ne ke kora ta, ta je ta daki get ta kwanta. Na rubuta. Ta biyu ta bi ta.

Mama ta shigo da bokitinta, ta ga abin da nake kallo, ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Mun fi awa ɗaya a haka. Na ari wayar Mama ina ta kiran ƙaramar wayar Yaya, ba ta shiga. Ban san ko ya kai makarantar ba, ban san ko wani kwano ya tare shi a hanya ba.

Sai Mama ta kama hannuna ta nuna ƙasan get.

Ni na zaci in teku za ta zo, bango guda za ta taso. Ba haka ta yi ba. Wani siririn ruwa ne ya shigo ta ƙarƙashin get, da kumfa a bakinsa, kamar an zubar da ruwan wanki. Ya ja baya. Na biyu ya shigo, bai koma ba. Na uku ya hau kansa. Kafin in gama rubuta layi ɗaya, tayoyin da ke kwance sun tashi suna yawo. Kwale-kwalen da aka kife ya ɗaga, ya juya, ya tsinke igiyarsa, ya nufi ƙofar ɗakin sanyi ya dinga dukanta. Ruwan ya kai kwaɗon da Yaya ya jijjiga, ya rufe shi. Get ɗin ya kwanta a hankali kamar mai ruku'u, bai sake tashi ba.

Na yi alkawarin ihu, kuma na yi. Ban san me na faɗa ba. Masu cin abinci a ɗakin suka taso suka kewaye mu.

Wayar ta zame daga tagar. Hoton ya koma cikin ɗakin. Na ga bencin da Yaya ke zama yana shan shayi yana jujjuyawa a kan ruwa, na ga butarsa, na ga ƙusar da yake rataye hula. Ruwan ya wuce ƙusar. Daga nan allon ya yi launin ƙasa, ya yi baƙi, kiran ya yanke. Na duba agogo na rubuta lokacin. A wannan ɗakin Yaya ya yi niyyar kulle kansa, da burodinsa da tocilarsa.

Na yi La'asar, ban san me na karanta ba. Ina sallamewa wayata ta yi ƙara. Ƙaramar wayar Yaya ce.

"Na iso tun ɗazu," in ji shi, muryarsa garau. "Layi ne babu. Mutane cike a nan, har da awakinsu. Kai, an sha iska! Amma alhamdu lillahi ta wuce. Tsit kake ji, har rana ta leƙo. Ga ni a bakin ƙofar makarantar, zan gangara in karɓi aikina."

Mama tana jin sautin muryarsa ta gane, ba sai an fassara mata ba. Ta dinga girgiza kai tana juya yatsa a iska, tana zana zobe.

Na yi tunanin in gaya masa ɗakin ya tafi, sai na ga in na faɗa da gudu ma zai sauka ya gani. Na yi tunanin in sake roƙonsa, na tuna yadda roƙon safe ya ƙare. Sai na miƙe tsaye.

"Ban miƙa ba."

"Me ka ce?"

"Na ce ban miƙa ba. Aiki na hannuna. Canjinmu awa goma sha biyu ne, ko huɗu ban cika ba."

"Kai, ni ne fa yayanka."

"A gida kai ne yayana, kuma ko yanzu ka ce in durƙusa zan durƙusa. Amma a bakin aiki ni ke riƙe. Ka taɓa ganin wanda ya ƙwace aiki daga hannun Baba bai ce na miƙa ba?"

Ya yi tsaki. Ya ce na raina shi, ya ce Doha ta lalata ni, ya ce tun ina ƙarami bakina ya fi ni girma. Na bar shi yana ta faɗa, ina ma ƙara masa, don duk minti ɗaya da ya yi yana zagina minti ne da bai gangara ba. Ban taɓa jin daɗin faɗan Yaya kamar na ranar ba. Muna cikin haka na ji wani gunji ya taso a bayansa, mai kauri, kamar tirela goma sun taho a jere. Ya katse maganarsa a tsakiya. Na ji ya ce, "Inna lillahi," na ji mutane na ihu da Larabci, yalla, yalla, wato maza-maza, na ji an buga ƙofar ƙarfe. Layin ya mutu.

Kwana biyu babu labari. Na je aiki, na dawo Najma, na ci abin da aka sa a gabana. Inna ta kira daga gida na ce mata layi ne ya lalace, wanda gaskiya ne, sauran kuma na haɗiye. Abin da nake riƙe da shi kawai ƙarar ƙofar nan ce: an rufe ta, kuma muryarsa a kusa take lokacin da aka rufe. Amma ta wane gefe yake, ciki ko waje, wannan ne ban sani ba.

Rana ta uku da hantsi, ina tsaye a falo, wayata ta yi motsi a aljihu. Doka ta hana mu taɓa waya a bakin aiki. Na ciro ta a gaban kowa. Baƙuwar lamba ce, kiran bidiyo.

Yaya ne, da aron wayar wani. Yana tsaye a kan wani daɓen siminti, fili fetal, tarkace ta ko'ina, ciyawar teku a rataye a jikin wani ƙarfe da ya lanƙwashe. A bayansa teku ta koma shuɗiya, tana kwance kamar ba ita ba. Na daɗe kafin in gane daɓen nan shi ne ɗakin gadin. Bai gaishe ni ba. Ya gyara hularsa.

"Na zo karɓa," in ji shi.

Na ƙame. Mutumin Kumasi ya matso, Mama ta tsaya da sandarta. Na buɗe ɗan littafina.

"Get babu, ya kwanta da ƙarfe uku saura. Kwale-kwale ya tafi. Akwatuna sun tafi. Ɗakunan sanyi, har lokacin da idona ya rufe suna tsaye, ɗaya ƙofarsa ta lotsa. Taya huɗu, na ga fitar biyu, biyu ban san inda suka yi ba. Ɗakin gadi, da benci, da buta, ga shi kana tsaye a kansu. Ɓarawo bai shigo ba, sai teku, na yi mata ihu ba ta ji ba." Na rufe littafin. "Mai gadi ɗaya, ɗan Baba, uban yara huɗu, da ransa da lafiyarsa. Na miƙa."

Yaya ya kalli daɓen da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ɗaga kai ya kalli wani sandan fitila da ya tsira a gefe, inda ruwan ya bar zanensa can sama da kansa. Ya cire hular ya goge fuska da ita, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro makullan, ya ɗaga mini su, har da na get ɗin da babu shi.

"Na karɓa," in ji shi. "Ƙanena, ka yi gadi."

Na yi kabbara a tsakiyar falon nan har ta amsa a saman bene. Wani Bature da ke jiran lif ya zubar da gahawarsa. Mutumin Kumasi ya ɗaga ni sama kamar buhun gero, Mama tana dariya tana kuka tana dukan bayana da hannunta ɗan ƙarami. Ban damu da wanda ke kallo ba.

Da suka sauke ni, Yaya yana nan a allon yana jira, don an gama miƙa aiki, yanzu lokacin gaisuwa ne. Ya tambaye ni ina kwana, ya tambaye ni gajiya, na tambaye shi iyali. A tsakiyar gaisuwar nan na ji wani abu da na ɗauka shekara talatin da 'yan kai ya sauka daga ƙirjina. Na yafe wa Baba rashin zuwa sunana.